Jarumin da ya kasa zura zare a allura

Assalamu alaikum Malama mai gabatarwa, Allah ya ƙara lafiya. Ni uwa ce daga Kwarbai, cikin birnin Zariya. A sakaya sunana.

'Yata Rabi tana son finafinan jaruman nan masu tashi sama, har takan ƙirƙiri nata labarin ta ba ƙannenta. Na sha yi mata faɗa. Ƙannen ma watsewa suke, suna cewa, "Yaya, jaruminki kullum shi ke cin nasara, mun gaji."

Ranar Asabar bayan la'asar ina tankaɗe, sai na ji yaran sun yi tsit. Na kasa kunne, ashe Rabi ce ke ba su sabon labari. Wai jarumin ya ɗaga tirela da hannu ɗaya, amma da ya koma gida ya kasa zura zare a allura, yana ɓoye wa matarsa. Autarmu ta ce, "To wa zai zura masa?" Rabi ta ce, "'Yarsa, a zaure, ba wanda ya sani."

Malama, sai na ajiye rariyar. Maigidana ɗinkin babbar riga yake yi a zaure, kuma kwanan nan yana yawan kiran Rabi wai ta kai masa ruwa. Ashe idonsa ne ya yi rauni, zare take zura masa.

Ban saba tayar da maganar da ya rufe ba. Don Allah masu sauraro, yaya zan sa ya je asibiti ba tare da ya gane yarinyar ta tona shi ba? Yau ma ya kira ta, alhali ruwan safe na nan a kofi, bai sha ba.