Takardar da na liƙa da hannuna

'Yan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu. Kun san ni ba mai magana ba ne, shi ya sa na rubuto abin da zan faɗa.

Shekara biyu, duk hutun lakol, wato makaranta, ina aiki a shagon magani na kawuna a Gazawa. Yakan sayo magungunan da kwanansu ya ƙare da araha daga ƙetaren iyaka. Aikina in buga sabon kwanan wata a 'yar takarda, in liƙa bisa tsohon. Nakan yanke kusurwoyinta da reza don kada ta ɓare. Ranar farko na ce, "Kawu, wannan fa ya mutu." Ya yi dariya. "Ɗan boko, magani tuwo ne da zai yi tsami? Liƙa."

Na liƙa. Da wannan aikin na shiga jami'a, na sayi moto, na kawo wa coci baikon kuɗin da aka yi amfani da shi aka sayi bencunan da kuke zaune a kai. Kun tafa mini. Wata uwa har ta ce wa ɗanta, "Ka yi koyi da Iliya." Babu wanda ya tambayi inda ɗalibi ya samu kuɗi. Ni ma ban so a tambaya ba.

Daminar bara zazzaɓi ya kama Rahila, ɗiyar yayata Saratu, a ƙauyensu. Saratu ta sayi magani wajen mai talla ranar kasuwa, ta ba ta kwana uku. Sa'adda aka kai ta asibiti, lokaci ya wuce. Shekararta huɗu.

Na je gaisuwa. Kwalbar maganin tana kan taga. Na ɗauka, na ga kusurwoyin takardar a yanke.

Likita bai ce maganin ne ba. Wata biyu ina tonon littattafai, ina neman layi ɗaya da zai wanke ni. Ban samu ba. Wata rana da hantsi na shiga gonar gero, na durƙusa na ce, "Ubangiji, ka ce mini ba ni ba ne." Bai ce ba. Abin da ya ba ni shi ne ƙarfin tashi in tafi wurin Saratu.

Na same ta tana sussuka, na faɗa mata komai. Ta ji ni har ƙarshe, ta ajiye taɓarya. "Iliya, da ka bar ni ina zargin sauro."

Na bar shagon. Kawu yana ce wa dangi karatu ya taɓa mini kai. Saratu ba ta amsa gaisuwata har yau, kuma ba ni da bakin ce mata ta amsa.

Duk da haka ina yi wa Allah godiya, don ya fitar da ni daga ƙarya ko da bai cire mini zafin ba. Ku dogara gare shi, 'yan'uwa, ko a ranar da ya hana ku amsar da kuka roƙa. In za ku yi addu'a yau, ku fara da sunan Saratu. Amin.