Daga Nesa Aka Ɗauko Ta

A ɗakin jiran likitan ido, wata ɗaliba tana ta bitar takardunta, wani dattijo na gefenta.

"'Yata, wane yare kike haddacewa haka?"

"Kalmomin harkar fim ne, Baba, gobe jarrabawa. In fuska ta cika allo, kulozof ke nan. In an ɗauko mutum daga nesa, lonshot."

Ya ciro wayarsa. "Bidiyon bikin ɗana ne. Ga marigayiya matata can baya, wajen tukwane. Za a iya matso da ita?"

"Sai dai ta yi dishi-dishi, Baba. Tun wajen ɗauka ake matsowa."

Ya daɗe yana kallon wayar. "Ni na ce wa mai kyamarar ya ƙyale masu girki, ya bi manyan baƙi."