Waldar da Aka Shafe da Fenti

A bencin jira na ofishin jarrabawar walda, wani dattijo yana rungume da ƙarfen gwajinsa, ƙarfen sai sheƙi yake yi. Mutumin da ke gefensa ya leƙo.

"Baba, ina waldar take?"

"Ka ji ka! Ai gwanintar ke nan. Na goge ta sumul, na bi ta da fenti. Shekara talatin ina haɗa ƙofofi, ba mahalukin da ya taɓa gane mahaɗin."

"Ai masu jarrabawar ɗinkin waldar suke son gani yadda ya fito daga hannunka. Sannan su sa shi a inji su lanƙwasa."

"Su lanƙwasa? Aikin da na wuni a kai?"

"Don su ga ko zai tsage."

"In bai tsage ba fa?"

"Ka ci. Sai su jefar."

Dattijon yana neman aiki ne a wani kamfanin bututu. Kamfanin ya riga ya gaya masa: ba takardar shaida, ba aiki. Ya jujjuya ƙarfen, yana shafa shi da babban yatsa.

"Lamba tara!" aka kira daga ciki. Lambar dattijon ce.

"Ɗana, taimaka ka duba mini. Wallahi ni ma na ɓatar da wurin."