Ranar da Muryar Rahila Ta Fito a Lasifikar Coci

Salamar Ubangijinmu Yesu Almasihu ta kasance tare da ku duka, iyayena, yayyena da ƙannena. Baba Fasto, na gode da ka ba ni wannan fili.

Ga baƙin da ba su san ni ba, sunana Ishaya. Ina da ɗan shago a Tudun Wada, ina buga wa mutane takardu a kwamfuta, ina yin fotokofi. A nan coci kuma ni ne mai kula da lasifika, wancan teburin na kusa da taga nawa ne. Ku da kuka san ni kuwa, na ga wasunku sun fara sunkuyar da kai tun ban ce komai ba. Ku ɗago, don Allah. Ni ne mai abin kunyar, ni zan faɗa da bakina.

Bara da damina Ubangiji ya ɗauki matata Rahila. Mun ɗauka zazzaɓi ne kawai, kafin mu ankara ta tafi. Ta bar mini 'ya ɗaya, Godiya, ko makaranta ba ta shiga ba tukuna. Surukata, mahaifiyar Rahila, wadda muke kira Inna, ta ɗauki yarinyar ta koma da ita ƙauyensu da ke hanyar Doguwa, aka ce sai na ɗan dawo hayyacina. Duk Lahadi takan zo da ita sujada, a nan nake ganin 'yata.

Kun gan ni a lokacin. Duk wanda ya yi mini ta'aziyya sai in ce, "Mun gode Allah, ta huta." Har wasu suna cewa Ishaya namiji ne, bangaskiyarsa da ƙarfi. Ƙarya ce, 'yan'uwa! Ba bangaskiya ce ke riƙe da ni ba. Abin da ke riƙe da ni yana cikin waya.

Rahila ba ta son rubutu a waya. Komai sai ta danna ta yi magana. A sayo manja, saƙon murya. An ɗauke wuta, saƙon murya. Kaza ta shiga ɗaki, saƙon murya. Da tana da rai har faɗa nake yi mata, in ce ta cika mini waya da surutu. Da ta rasu, surutun nan ya zama abincina. Na kwafe su duka na zuba a laftof ɗina don kada su ɓata. Da safe in saurara, da rana in saurara.

Aiki ya fara lalacewa a hannuna. Mutum zai tsaya a gabana da takardarsa yana bayani, ni kuwa na toshe kunne ina can tare da marigayiya. Wani malami ya taso tun daga Kiru ya kawo mini tambayoyin jarrabawa, na buga masa rabi na tsallake rabi. Da ya yi magana na ɗora wa firinta laifi. Addu'a ma ta gagare ni, in na durƙusa sai hannuna ya lalubo waya. Wasu giya ke kama su, wasu ƙwaya. Ni murya ce ta kama ni, kuma ba wanda ya sani.

Sai ranar godiyar kaka ta zo.

Kun tuna yadda aka cika maƙil. Buhunan dawa da masara an jere su gaban bagade, ga shinkafa, ga gyaɗa, har da wanda ya jawo ɗan akuya yana ta kuka a bakin ƙofa. Mata sun sha ankon zumunta. Inna tana layin gaba, Godiya a cinyarta. Matasa za su yi waƙa, ni zan saka musu kiɗan da muka haɗa a laftof. Suka tashi suka jeru, mai ba da waƙa ya riƙe makirufo yana kallona.

Na danna, shiru. Na sake dannawa, shiru. Kwamfutar ta sandare, sai wani ɗan zobe ke ta juyawa a fuskarta. Kun san ni da gajen haƙuri. Na shiga dannawa ta ko'ina, ina bugun maɓallai, ina ce mata a raina, "Yau kika ga dama? Duk ranakun duniya sai yau?" Gumi ya jiƙa mini riga sharkaf.

Can sai ta farfaɗo. Duk abin da na daddanna ta ɗauka lokaci guda, ta buɗo abin da na saurara kafin in fito daga gida.

Muryar Rahila ta cika cocin nan.

"Ishayana! Kai mai kunnen ƙashi, tun ɗazu nake kira. Inna ta aiko da daddawa, wai ta ga ka rame, wai ba na ba ka abinci. Ka dawo da wuri ka ci, kada ka ja mini magana wurin tsohuwa. Ka ji ko, nawa?" Sai ta yi dariyar nan tata.

Wayyo Allah!

Matar da a gaban mutane ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai Baban Godiya. Maganar ɗaki, ta tsakanin miji da mata, ga ta a lasifika gaban dattawa, gaban Baba Fasto, gaban surukata! Na kai hannu in kashe, abin ya sake maƙalewa. Igiya ɗaya ce fa zan zare, shi ke nan. Ni da nake wannan aikin kullum, dabarar zare igiya ba ta zo mini ba. Na tsaya kamar gunki har ta gama dariyarta.

Godiya ta zame daga cinyar kakarta tana waige-waige, tana cewa, "Mama! Ina Mama?"

Abin da ya biyo baya shi ya ƙarasa ni. Rahila ce 'yar fari wurin Inna. Kun san al'adarmu, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta nuna so gare shi a gaban mutane. Tun da na shiga gidansu neman aure ban taɓa jin sunan a bakinta ba, sai dai "yarinyar nan". Ranar jana'iza ma ba wanda ya ga hawayenta, ta ja mayafi ta zauna tana amsa gaisuwa. To, wannan dattijuwar ce ta miƙe tsaye a tsakiyar sujada, ta ɗora hannu a ka, ta ƙwala ihu, "Rahila! Rahila 'yata!" Ta faɗi, mata suka rufu a kanta.

Ban san yadda na fita ba. Na bi ta ƙofar gefe na hau babur. Laftof ɗin ma sai daga baya aka aiko mini da shi.

Na ce a raina tawa ta ƙare. Na tona asirin ɗakina, na firgita 'yata, na sa dattijuwa ta zubar da kunyar da ta riƙe tun haihuwarta ta fari. Da wane ido zan kalle ta?

Na daina zuwa coci. Baba Fasto ya kira, ban ɗauka ba. Ya zo shago, na ce masa aiki ne ya yi mini yawa, alhali yana ganin shagon fayau. Baba, ka yafe mini. Ranar Lahadi sai in hau babur in yi Tiga, in zauna bakin ruwa ina kallon masunta har in tabbata an tashi daga sujada. Kuma ku tuna, a coci kaɗai nake ganin Godiya. Gudun kunya ya sa na bar marainiya ba uwa ba uba. Lokacin kaka ya wuce ban sa Godiya a idona ba. Kayan Kirsimetinta ma ɗan acaɓa na ba ya kai mata.

Wata ranar kasuwa ina zaune, na hango Inna daga nesa ta nufo shagona da ƙwarya a ka. 'Yan'uwa, ƙato da ni, na tsallaka zuwa shagon maƙwabcina Malam Sani tela, na shige bayan rigunan da ya rataye. Ina jin ta tana ta sallama. Ta daɗe a tsaye cikin rana, sannan ta tafi.

Malam Sani musulmi ne, mutumin kirki, shekara da shekaru tare muke fama da rashin wuta. Bai ko ɗago daga kekensa ba ya ce, "Fito, Ishaya, ta tafi. Amma wallahi ka ba ni kunya. Tsohuwa ta tako tun daga ƙauye a ƙasa, kai kana maƙale a bayan rigar mutane? Ga kuka da daddawa nan ta bar maka. Mai zuwa cin mutunci yana zuwa da ƙwarya ne?"

Na ce, "Malam, ba ka san abin da na yi mata ba."

Ya ce, "Kai ɗin ka san abin da ya kawo ta? Tsayawa ka yi ka ji?"

Maganar ta tsaya mini a rai. Lahadin da ta biyo na tafi Tiga kamar kullum. Na zauna, na ciro waya zan sa muryar, sai na ji ba zan iya ba. Na kife wayar. Na durƙusa a kan yashi, masunta na kallona, ban damu ba. Ba wata doguwar addu'a na yi ba. Na ce, "Yesu, na gaji. Na gaji da ɓuya. Na yi wa mutanenka ƙarya cewa ina da ƙarfi, ba ni da shi. Kai da ka sha kunya a kan gicciye a gaban jama'a, ka ɗauki tawa, ta fi ƙarfina. Ina son 'yata." Kukan da ban yi ba a bakin kabarin Rahila, ranar na yi shi, har da majina.

Ban ga wahayi ba, ban ji wata murya daga sama ba. Abin da na sani kawai, da na tashi nauyin nan da ke danne mini ƙirji ya ragu, na juya kan babur sai gidan Inna.

Na tarar sun dawo daga coci. Na tuɓe takalmi tun daga zaure, na durƙusa nesa, kaina a ƙasa. Tana zaune a inuwar rumbu tana ɓarar gyaɗa. Godiya ta leƙo ta bayanta, ta kalle ni, ta koma ta ɓuya. Ta ɓuyar mini, 'yan'uwa, kamar ta ga baƙo! 'Yar cikina!

Na gaida Inna, ta amsa ba ta dube ni ba, yadda aka saba tsakanin surukai. Na ce, "Inna, na zo neman gafara. Na kunyata ki a gaban jama'a."

Ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta. Can ta ce, "Tana tare da kai?"

Na ce, "Wa, Inna?"

Ta ce, "Muryar."

Na ce tana nan a waya. Na ce in ta ce a goge, yanzun nan zan goge.

Ta ajiye faifan gyaɗar. Ta ce, "A goge? Abin da na taka har kasuwa nema ke nan. Sa mini."

Na sa mata. Muka saurara har dariyar ƙarshe. Ta ce a sake, na sake. Godiya ta matso a hankali don ta ji da kyau, ta dafa gwiwata, daga nan ba ta koma ba.

Inna ta share ido da bakin zane. Tun da na san ta ba ta taɓa kallona ido cikin ido ba sai ranar. Ta ce, "Ɗana, tun da na haifi yarinyar nan ban kira ta ba. Ina ta kunya, ina ta kunya, har aka rufe ta da ƙasa sunan yana maƙale a nan." Ta dafa maƙogwaronta. "Ba barci, ba cin abinci. Ranar nan ya fita. Tun ranar nake barci. Kai kana can kana gudu, ni ina nemanka in yi maka godiya."

Na kifa kai a ƙasa ina kuka.

Ta ce, "Ya isa haka. Wancan ba laifi ba ne. Laifinka ɗaya, ka bar yarinya wata da watanni tana tambayata ko kai ma ka tafi inda uwarta ta tafi. Ni ba ni da amsa, ga ta nan ka ba ta."

Na ɗago. Godiya tana kallon wayar da ke hannuna, ta kalle ni, ta ce, "Baba, kai ma za ka shiga cikin waya?"

Na saki wayar ta faɗi a ƙasa. Na rungume ta na ce, "A'a, uwata. Ina nan. Ga ni, taɓa ni ki ji."

Haleluya! Ku taya ni gode wa Ubangiji!

Muryar Rahila tana nan, ban goge ba. Amma yanzu ba a ɓoye nake jin ta ba, kuma ba ita nake fara nema da safe ba. Yesu ya kwance ni. Ya mayar da ni cikinku, ya mayar mini da 'yata. Yau a kan babur ɗina ta zo coci, ta riƙe ni gam tun daga gida.

In akwai wani a nan da yake ce mana "mun gode Allah" alhali cikinsa na cin wuta, ɗan'uwa, kada ka jira sai an ji a lasifika kamar ni. Ka kai wa Yesu yadda yake, ka dogara gare shi, ba zai kore ka ba. Sannan ka tashi ka je wurin wanda kake gudu. Wataƙila akwai mai jiranka a bakin ƙofa.

Yabo da godiya su tabbata ga sunansa. Amin.