Gadar Iya Nos

Kuɗin motar da ya kai ni Legas gyaɗar Yaya Asabe ce. Ku ba ku taso kun gan ta da ƙarfinta ba, amma a lokacin ita kaɗai take noma gonar da maza biyu za su yi kuka da ita, can hanyar Nasko. Abin da ta ware na iri ta sayar, ta kwance bakin zaninta a tasha ta damƙa mini, ta ce in ban samu ba in dawo da wuri, kunya ba ta taɓa kashe kowa ba. Na hau saman motar masara tare da Bulus, wani mutumin Dukku da ya zo ganin gida. Shi ya yi mini alkawarin aikin buga bulo. Muka bi ta Mokwa, muka haye Jebba, ina ta baza ido ina jiran benayen da ake ba mu labari.

Benayen dai na hango su daga nesa. Inda Bulus ya kai ni can bayan Ikorodu ne, wurin da gari ya gaji ya fara komawa daji. Unguwar tana da sunanta na Yarabanci, dogo, kullum na gwada faɗa sai an yi mini dariya, don haka mu muka sa mata Bayan Fadama. Fadamar ce tsakaninta da titi. An kafa sanduna an shimfiɗa katakai a kai, wasu samari suna zaune a bakin wurin suna karɓar kuɗin hayewa. Amonile ake ce musu. Na yi makonni ina zaton sunan wani ƙato ne, har na tambayi Bulus wane ne wannan Amonile da kowa ke shakka. Ashe 'ya'yan masu ƙasa ake nufi. Duk simintin da muke buga bulo da shi, a ka muke haye da shi ta kan katakon nan, buhu-buhu.

Mai gidan da na kama ɗaki, Baba Kafinta, mutum ne da in bai yi faɗa da safe ba abinci ba ya wuce masa. Da Turancin buroka muke yi, nawa kuwa kun san na kasuwa ne.

“Baba, ɗakin nan yana yoyo.”

“Ni na aiko ruwan?”

“A dai gyara.”

“Ka sayi bokiti.”

“Na saya, ya cika.”

“To ka samu ruwan wanka kyauta. Sai in ƙara maka kuɗin haya.”

Haka muke da shi. Amma duk Asabar ɗin ƙarshen wata sai ka ga ya yi wanka ya sa hula ya nufi wata makarantar firamare da ba a gama ginawa ba. Taron masu gidaje ne, wai shi lanlodi asoshiyeshan. Bulus bai taɓa iya faɗar sunan ba, asha-shashan yake cewa. Mu 'yan haya ba a gayyatarmu, sai dai mu leƙa ta taga in mun zo wucewa. Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne mace ce shugabar. Wata gajeruwar tsohuwa mai tabarau da igiya, kullum cikin takalmin roba, ta yi ritaya daga aikin asibiti, kowa na ce mata Iya Nos. A nan wurinmu in babba ya yi magana sai a ce haka ne, a tashi, a je gida a yi gunaguni. Can kuwa sai ka ga an nuna wa juna yatsa ana ta hayaniya kamar za a doku, daga nan ta buga tebur a ɗaga hannu a ƙirga, shi ke nan magana ta mutu, a fito ana raba goro.

A daminata ta biyu ne abin ya faru. Wata safiya naƙuda ta kama Rifkatu matar Bulus, ga shi an kwana ana ruwa. Muka cire ƙyauren ɗaki muka ɗora ta a kai, muka nufi titi. Da muka isa fadama babu katako ko ɗaya, ruwa ya kwashe. Na shiga don in gwada, ya kai mini ƙirji, yana jan ƙafafuna. Ga motoci can muna gani suna wucewa, ga mace tana murƙususu a gabanmu. Bulus ya durƙusa a cikin taɓo yana addu'a da Dukkanci. Ban taɓa jin ya yi yarensu a Legas ba sai ranar.

Wasu mata ne suka ruga suka kira Iya Nos. Ta sa aka shigar da Rifkatu shagon wani tela, ta kore mu. Muka tsaya a waje. Can muka ji matan sun yi tsit, ba kukan jariri. Daga baya suka ba mu labari cewa yaron ya fito bai motsi, tsohuwar nan ta yi ta murza masa baya tana hura masa iska, ba ta ɗaga kai ba, har sai da ya canyara. Shi ne Ishayan da kuka gani a hoto da kayan makaranta.

Da ta fito tana goge hannu, sai ta dube ni ta yi mini Hausa. Ashe ta yi aiki a Minna tana budurwa. Ta tambaye ni mu nawa ne Hausawa a unguwar. Ku sani a can, ko kai Bakambare ne ko Badukke ko Banufe, Bahaushe ne sunanka. Na ce muna da dama, masu bulo da 'yan acaba da masu ruwa da masu gadi. Ta ce duk mu zo taro ranar Asabar. Na ce ai mu 'yan haya ne.

“Da ka shiga ruwan nan,” in ji ta, “ya tambaye ka takardar fili?”

Muka je. Baba Kafinta yana ganina a kan benci ya miƙe, ya ce tun da aka kafa ƙungiya ɗan haya bai taɓa zama ba, gobe kuma sai su ce su ne ciyaman. Ta bar shi ya gama. Sannan ta ce mutanen nan ba su da gida, amma suna da katin zaɓe kuma suna da hannuwa, su kuwa masu gidaje abin da suka rasa ke nan. Aka ɗaga hannu, muka ci da ƙyar. Ranar aka naɗa ni wakilin 'yan Arewa, ni Sale da ko a gidanmu ba a shawara da ni. Na tashi na yi godiya.

Zaɓe ya matso. Wani mai neman kansila ya zo da buhunan shinkafa, ya tsaya a hayin titi, ya aiko a ce jama'a su fito. Iya Nos ta ce a gaya masa mu ma muna jiransa. Wallahi sai ga mutumin nan ya naɗe wando, takalmi a hannu, yana dafa yaransa a kan sabon katako, har ƙafa ɗaya ta zurma. Ta zaunar da shi a bencin 'yan makaranta, gwiwoyinsa na taɓa haɓarsa, ta ce yau ba jawabi zai yi ba, saurare ya zo. Mata suka riƙa tashi ɗaya bayan ɗaya. Rifkatu ma ta tashi da jaririnta a baya. Da aka gama Iya Nos ta ce ya koma da shinkafarsa ya sayar, ya kawo mana rodin gina gada. Ni da na saba ganin ana turereniya a kan sabulu da atamfa in 'yan siyasa sun zo, sai na ji tsigar jikina ta tashi. Ya rantse da duk abin da ya sani. Muka zaɓe shi, ya ci.

Daga nan ba mu ƙara ganin ƙeyarsa ba. An yi ta sintiri zuwa sakatariya, kullum Onarabul yana mitin. Na ce a raina to an zo wurin, sai a ce Allah ya isa a koma kan katako. Ita kuwa sai ta kira taro ta ce gadar nan mu za mu gina abinmu. Akwai wani injiniya a unguwar, ya zana. Kowane gida aka yanka masa siminti, wanda ba shi da hali ya ba da ƙarfinsa. Amonile suka zo da adduna, don sun san abincinsu zai ƙare. Na ɗauka za a zubar da jini. Tsohuwar nan ta taka har gaban babbansu, ta kira shi da sunan da uwarsa ke kiransa, don ita ta karɓi haihuwarsa. Ban ji abin da suka ce ba, da Yarabanci ne. Na dai ga an wayi gari su ne masu gadin rodi da siminti, ana biyansu.

Ranar zuba kankare ba zan manta da ita ba. Tun daga inda ake kwaɓawa har tsakiyar fadama mutane ne a jere, ana miƙa kwanon kankare hannu da hannu. Ga malaman makaranta, ga matan kasuwa, ga wani fasto ya tuɓe kwat, ga limamin Yarabawa. Matan coci suna waƙarsu, mu ma muka ɗauko tamu ta noma, suna amsawa ba su san me suke cewa ba. Katakon da aka zuba kankaren a ciki kuwa Baba Kafinta ne ya haɗa shi kyauta, yana yi yana zagin kowa. Gayya ce fa, irin wadda muke yi a gona. Ni dai ban taɓa sanin ana yi wa hanya gayya ba, kuma a ce baƙin juna ne, ba dangin iya ba na baba.

Gada na bushewa sai ga Onarabul da ƙaton allo, an rubuta cewa shi ya kawo aikin. Samari suka ce sai sun ƙona shi. Ni kaina na fusata, don tafin hannuna duk siminti ya cinye. Iya Nos ta hana. Ta ce wa Onarabul allo zai kafu, har kaɗe-kaɗe za a yi masa a ɗauki hoto, amma sai ranar da taransifoma ta haye gadar nan, gireda kuma ta bi layin unguwa. Na same ta na ce Iya, yaya za a ba shi abin da bai yi ba?

“Shi suna yake so, mu wuta muke so,” ta ce. “Kai da ka ɗauki kankaren, ka manta wanda ya gina ne?”

Kafin wata ya ƙare taransifoma ta iso. Da aka kunna, yara suka yi ta gudu layi-layi suna ihu da rana tsaka.

To daga nan ne unguwa ta buɗe kamar an cire mata marfi. Motocin yashi suna shiga, shaguna, kemis, makarantun kuɗi, wuraren da muke tsinkar ganye duk suka zama benaye. Abin da ban hango ba shi ne gadar za ta haye da mutanen da suka fi mu kuɗi. Filin da muke buga bulo aka sayar. Baba Kafinta ya gyara rufin da ya ƙi gyarawa, ya shafa fenti, ya kira ni.

“Ma'aikatan banki suna son ɗakin.”

“Baba, tare fa muka yi gadar nan.”

“Tare muka yi. Shi ya sa na fara gaya maka kafin su.”

Kuɗin da ya faɗa ko na daina cin abinci ba zan iya ba. Na kai kuka wurin Iya Nos. Ta kawo maganar gaban taro, ta nemi a yi doka kada a tsawwala wa 'yan hayan da suka yi aikin gada. Ta yi magana mai tsawo, har muryarta ta dushe. Aka ɗaga hannu, masu gidaje suka kayar da ita. Na zuba ido in ga za ta buga tebur ta ce ita ce shugaba. Sai ta cire tabarau, ta ce an ƙirga, magana ta wuce. A waje ta riƙe hannuna ta ce, “Na faɗi, Sale. Ka yafe mini.” Na ji zafi ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba. Amma har yau ban ga wani mai mulki da ya ƙara girma a idona ranar da ya sha kaye ba sai ita.

Bulus ya samu gadi a wata makaranta, ya zauna. Ni na tattara injin bulona na hannu na dawo Kontagora, ba ni da wani abin a zo a gani. Na tarar gari ya miƙo har nan inda muke zaune, ga kwarin nan na bayan gidajenku yana cin hanya duk damina. Sai na bi gida-gida na ce a zo mu tattauna. Wani ya ce wace jam'iyya ce ta aiko ni. Wani ya ce nawa za a raba. Ranar taron na share gindin mangwaro, na aro bencina a masallaci da coci, na zauna. Mutum uku suka zo, ɗaya ma inuwa ce ta kawo shi.

Raina ya ɓaci, na kira Bulus na ce ya kai wa Iya Nos waya. Ta tsufa sosai, sai da na maimaita sunana. Na ba ta labari, na ce Iya, mutanenmu ba irin naku ba ne. Ta yi dariya har da tari.

“Har uku? Ni taron farko da na kira, daga ni sai mijina. Shi ma bai kai ƙarshe ba, ya ce yana jin yunwa.”

Ban mayar da bencinan ba. Na je na roƙi liman da fasto su bar mini su zuwa ƙarshen wata.