Harisu Ya Daina Zagin Mahaifinsa

A tashar Ƙanƙara, kan bencin masu jiran motar 'Yankara, na ji wasu dattawa biyu da ba su san juna ba suna zance. Ɗaya ya gama waya ke nan, yana ta murmushi.

"Alhaji, albishir aka yi maka ne?" in ji na kusa da shi.

"Ɗana Harisu ne, Malam, daga jami'a. Yana tambayar ciwon ƙafata. Yaron da bara ko sallah ba ya bi na, wai aƙidata ta lalace. Har cin tuwo da ƙannensa ya daina."

"Mi ya sauya shi?"

"Wani darasi ne da jami'arsu ta haɗa da wata ta Kudu. Malamai Musulmi da Kirista ke nuna masu yadda ake jan yaro sannu a hankali har ya tsani nasa. Ya ce yana zaune a aji ya ji kamar labarinsa ake bayarwa. Da ya zo hutu, durƙusawa ya yi ya nemi gafarata. Allah Ya saka wa malaman nan da alheri."

"Ni ban yarda da wanga cakuɗe ba. Mi Kirista zai koya wa ɗan Musulmi?"

"Ai ba su taɓa mashi addini ba. Sallarsa na nan, zagina kawai ya bari."

Malam ya dubi ƙasa, sannan ya sassauta murya.

"Alhaji, darasin nan, sai ɗan jami'a kaɗai ake ɗauka? Yahuza nawa tun babbar sallah bai gaishe ni ba."