Kwalbar Mai Gemu

A tashar Gusau, cikin motar Bungudu, wani dattijo na rungume da baƙar kwalba, kusa da shi kuma wani mai tabarau.

"Baba, mene ne a kwalbar nan?"

"Zuma ce, zan kai wa surukina, liman ne. A gwanjo na sayi kwalbar. Dubi shehin da aka zana a jiki, gemu har ƙirji."

"Ba shehi ba ne, fada ne na Kirista. Can Jamus, a gidajen ibadarsu suke dafa giya tun kaka da kakanni."

"Giya? Masu ibadar?"

"Baƙa wuluk. Sha'ir suke gasawa, su ajiye ta a sanyi har ta nuna."

"Innalillahi! Da yanzu na shiga zauren liman da ita!"

"Sake wa zumar mazubi kawai. Amma fa ba irin burkutu ba ce, Baba. Ɗacinta kaɗan ne, ga ƙanshi kamar ɓawon burodi, ga kumfa mai laushi."

Dattijon ya juyo ya ƙare masa kallo.

"Malam, duk wannan a jikin kwalbar aka rubuta?"

Mai tabarau ya leƙa ta taga. "Direba! Wai yaushe za mu tashi ne?"